Dim da Ful: Haƙƙin Mai Tahowa a Titin Zawaciki

Kusan duk abin da ke jikin mota don amfanin mai motar aka yi shi. Birki shi yake tsayarwa, taya shi take ɗauka, gilas shi yake tare wa iska da ƙura. In ɗayansu ya lalace a jikinsa zai ji, ba sai an roƙe shi ya nufi gareji ba. Amma akwai ɗan makunnin nan na gefen sitiyari, mai sauke fitilar gaba daga ful zuwa dim. Shi kam amfaninsa yana wurin mutumin da mai motar bai sani ba, bai taɓa gani ba, wato wanda ke tahowa ta ɗaya hannun. Shi ya sa in ya lalace ake barinsa wata da watanni. Mai motar yana ganin hanya sarai, har ma ya fi da gani. Wani ne daban yake shan wahalar, kuma kafin ya buɗe baki an riga an wuce shi.

Wanda ke bin titin Panshekara a Kano bayan sallar isha'i, daga Sharaɗa ya nufi Zawaciki da Challawa, ya san abin da nake nufi. Titi ne da bai san barci ba. Ga tireloli masu kai kaya kamfanoni, ga tankokin mai, ga tifofin da ke ɗebo yashi daga kogin Challawa, ga a-kori-kura da A Daidaita Sahu. Tun da aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki cikin Janairun 2023, an ƙara ɗora wa yankin fatan zama mashigar manyan motoci masu kwantena. A gefen wannan titi kuma, cikin ƙura, akwai waɗanda ba su da ƙarfe ko ɗaya da zai kare su: ma'aikacin kamfanin fata ko na roba da ya tashi aiki ya hau kekensa, ɗan garuwa da kurarsa, yara masu dawowa daga makarantar dare, mai shayi da ya kafa teburinsa dab da kwalta. Waɗannan mutane rayuwarsu tana hannun idon direba. Idan aka kashe wa direba ido, su aka jefa cikin hatsari, ko da kuwa ba su san an yi ba.

Idon mutum da dare buɗewa yake yi don ya tattara ɗan hasken da ya samu. In haske mai ƙarfi ya doke shi farat ɗaya sai ganin ya ɗauke, kuma ko motar ta wuce ba nan take yake dawowa ba. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi, ga dattijo ma abin ya fi daɗewa. To, motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku kacal na makanta, mita 66 ke nan, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo, direba yana tafe da ƙarfe mai nauyin tan guda ko fiye bai san abin da ke gabansa ba. A cikin mita 66 ɗin nan ne mai keke marar fitila yake, a nan ne tirelar da ta mutu aka zube ganye a bayanta take tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Ba duka fitila ce ta jawo ba, kowa ya san haka. Amma duk wanda ya taɓa tuƙin dare a Kano ya san yadda zuciya ke tsinkewa a lokacin da haske ya rufe masa ido, yana taka birki yana salati, bai san ko akwai mutum a gefensa ba.

Bari mu buɗe abin mu gani, don mutane da yawa suna tuƙi shekara da shekaru ba su san yadda yake aiki ba. Yawancin tsofaffin motocinmu suna amfani da ƙwan fitilar da ake kira H4, mai zare biyu a ciki. Zare ɗaya mai wat 60 ne, shi ne ful, yana jefa haske nesa kai tsaye. Ɗayan mai wat 55 ne, shi ne dim, kuma an saka masa wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashinsa wanda ke tare rabin hasken, ta yadda abin da zai fita daga fitilar zai sauka kan kwalta, ya yanke daidai wani layi, bai kai idon mai tahowa ba. Bambancin wat biyar ne kawai tsakaninsu. Ashe dim ba rage haske yake yi sosai ba, sunkuyar da shi yake yi. Aikin makunnin shi ne ya zaɓi zaren da wuta za ta bi. Dattawan da suka tuƙa tsohuwar Land Rover za su tuna lokacin da makunnin yake ƙasa, kusa da kuloci, ana taka shi da ƙafar hagu. Haka motocin Amurka ma suka daɗe da shi. Laka da ruwa da tsatsa suka riƙa cinye shi a can ƙasan, daga baya masu ƙera motoci suka mai da shi jikin sandar sigina a gefen sitiyari, inda yake har yau.

A cikin sandar nan babu wani abin mamaki. 'Yan ƙarafan tagulla ne da ke haɗuwa su rabu, da ɗan sifirin, da ɗan giris, duk a cikin gidan roba. Matsalar ita ce, a motoci da yawa na da, musamman irin tsofaffin Golf da ke cike da tashoshinmu, duk wutar da fitilun biyu ke sha ta cikin 'yan ƙarafan nan take bi. Ƙwai biyu a kan folt 12 suna jan kusan amfiya 10. Duk lokacin da aka ja sandar, ɗan tartsatsi yakan tashi tsakanin bakin tagullar. Yau da gobe sai bakin ya yi baƙi, ya yi ramuka. Giris ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi ya zama dauɗa. Wuta ta fara wucewa da ƙyar, inda wuta ke wucewa da ƙyar kuwa zafi yake taruwa. Zafin ya tausasa robar, tagullar ta nutse ciki ko ta karkace. Daga nan sai alamomi su fara: ka ja dim fitila ta ɗauke gaba ɗaya sai ka girgiza sandar, ko ta maƙale a ful ta ƙi sauka, ko ka ji ƙaurin roba a gindin sitiyari bayan doguwar tafiya.

Akwai wani tarko a nan da nake so kowane mai tsohuwar mota ya gane shi, don shi ne ke kai mutanen kirki ga cutar da jama'a ba da niyya ba. Ƙwan fitila irin wannan ba ya haƙuri da ƙarancin wuta. In wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yakan ragu da kusan kashi 30. Saboda haka tun kafin makunnin ya mutu, mai mota zai fara lura fitilarsa ta yi ja, ba ta cin hanya. Sai ya ɗauka ƙwan ne ya gaji. Ya je kasuwa ya ce a ba shi mai ƙarfi, a miƙo masa mai wat 100. Ƙwai biyu irin wannan za su ja wuta fiye da amfiya 16 ta cikin tagullar da amfiya 10 ma ta gagare ta. Zafi kuma ba daidai da wuta yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi: daga wat 60 zuwa wat 100, zafin da ke taruwa a bakin tagullar ya kusa ninka uku. Makunnin da zai iya ƙara shekara sai ya narke cikin 'yan makonni, wani lokaci ya tafi da soket ɗin bayan fitila. An kashe kuɗi, an ƙara ɓarna, asalin ciwon kuma ba a taɓa shi ba.

Daga nan ne ake zuwa wurin mai wayarin, kuma a nan ne ake yanke hukuncin da ya dame ni. Kowa ya san yadda zancen yake tafiya a garejojinmu, daga Sharaɗa har Kwakwaci. Mai wayarin zai duba ya ce, "Alhaji, makunnin ne ya ƙone, sai an kwance sitiyari." Mai mota ya duba agogo, ya taɓa aljihu, ya ce, "Malam, sauri nake, yi min dabara kawai ta kawo wuta." Sai maigidan gareji ya juya ya ce da yaronsa, "Kai, ɗauko waya ka haɗa masa dairek." A ja waya daga batir, a huda dashbod a liƙa wani ɗan makunni, a naɗe da salatif. Kuma kusan kullum zaren ful ake haɗawa, don shi ne mai mota zai gani ya ji daɗi ya biya da fara'a. Wani ma sai a haɗe masa zaren biyu su riƙa ci tare. Sau da yawa ko fiyus ba a sakawa, wanda hakan ke nufin ranar da wayar ta goge ta taɓa jikin mota, babu abin da zai tsinke wutar kafin ta zama gobara. Motar ta fita daga gareji da fitila mai ci, kowa ya ce an gyara. Alhali kuwa an cire mata iya sunkuyar da kai ne har abada.

Ina ganin girman masu wayarin ɗinmu ƙwarai. Mutum ne da bai taɓa ganin takardar zanen wayoyin motar ba, amma da ɗan ƙwan gwaji da sukundireba zai bi waya daga bonet har but ya gano inda ta tsinke. Motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su, hannun waɗannan mutane ne ya riƙe su a kan titi. Don haka nake cewa gyaran gaskiya bai fi ƙarfinsu ba ko kaɗan. Yawancinsu sun san shi sarai. Abin da ya rage shi ne mai mota ya nema, shi kuma mai gyara ya ƙi yin wanda ya san cuta ne.

Ga yadda gyaran yake in za a yi shi tsakani da Allah. Ba a fara zargin makunni sai an wanke na kusa da shi. A duba fiyus, a zare ƙwai a ga ko zaren dim ne ya tsinke, don ƙwai biyu sukan mutu kusa da juna tunda tare aka saka su. A duba soket ɗin bayan fitila ko ya narke. A duba wayar da ke komawa jikin mota, don in ta yi tsatsa takan jawo abubuwan ruɗani, fitila ɗaya ta yi ja, ko ɗan shuɗin hasken dashbod mai nuna ful ya riƙa ci alhali ana kan dim. In duk waɗannan lafiya lau, sai a cire kan batir, a kwance murfin robar da ke rufe wuyan sitiyari. Motar da ke da jakar iska a sitiyari, kamar yawancin na shekarun 1990 zuwa sama, dole a cire batir a dakata na wasu mintuna kafin a sa hannu, kuma ba a taɓa wayoyinta masu ruwan ɗorawa da ƙwan gwaji. Sai a zare soket ɗin sandar, a sa mita a ga ko wuta na wucewa a kowane matsayi.

In an tabbatar shi ne, a buɗe shi a kan farin ƙyalle, a hankali, don sifirin da ɗan ƙwallon ƙarfen ciki suna tsalle, in suka faɗa yashin gareji an yi sallama da su. A goge tsohon giris tas. A sa samfefa mai laushi a goge bakin tagullar har ta yi haske, ba a ci ta da yawa ba. In ƙarfen ya kwanta a ɗan ɗaga shi don ya matsa da ƙarfi. A shafa giris kaɗan, irin wanda aka yi don kayan wuta, ba na bayarin ba. In kuwa robar ta riga ta narke har tagullar ta sauya wuri, gogewa ba za ta yi magani ba, sai a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu a nemo irinsa. A nan shawarata ita ce, ɗan gwanjo na asali da aka ciro daga mota irin taka sau da yawa ya fi sabo mai sheƙi wanda ba a san inda aka ƙera shi ba, domin jabun tagullarsa siririya ce, araha kuwa ba ta ado. A gwada shi da mita tun a gaban mai shago.

Sai kuma matakin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda aka fi tsallakewa. A saka rile guda biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri da fiyus a bakinta. Rile makunni ne da wuta ke kunnawa. In an saka shi, sandar sitiyari ta daina ɗaukar amfiya 10, ta koma aika ɗan saƙon da bai kai rubu'in amfiya ba, wuta mai nauyi kuma ta bi gajeriyar hanya daga batir zuwa fitila. Amfani biyu ake samu. Makunnin ya huta, zai iya kai ƙarshen rayuwar motar. Ƙwan wat 60 da 55 na asali kuma ya sami cikakkiyar wutarsa, ya yi fari tas, har mai mota ya ga ashe bai taɓa buƙatar mai wat 100 ba. Rile biyu da waya da fiyus ba kayan tsada ba ne, ana samunsu a kowace kasuwar kayan mota. Wanda ya iya haɗa dairek ya iya haɗa rile, bambancin ɗan lokaci ne da niyya.

Ko makunni ya gyaru, in fitilar sama take kallo, dim ɗinta ma makanta mutane zai yi. Motocinmu sun sha karo, an sha buga su a wurin mai fanel, an ɗaure fitila da waya, an cusa kwali a ƙarƙashinta. Ga lodi: motar haya in aka danƙare but da buhuna, baya ya zauna, gaba ya ɗaga. Saitin fitila ba ya buƙatar na'ura. A sami fili mai daidaito da bango, a tsayar da mota mita 10 daga bangon, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa a ja layi a bango. Layin da hasken dim ya yanke ya kamata ya sauka kamar santimita 10 zuwa 12 ƙasa da wancan. Fitilu da yawa ma an rubuta adadin a jikinsu, 1.0% ko 1.2%. Akwai kusoshin saiti a bayan kowace fitila don wannan aiki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan gara a sa awo. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma fitilar da aka ƙera don irin hanyarmu tana ɗaga haskenta ne ta gefen dama, don a ga masu tafiya a bakin titi. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, ta gefen hagu take ɗagawa, wato daidai cikin idon mai tahowa. Irin waɗannan fitilu suna shigowa cikin kayan gwanjo, kuma a ido ba su da bambanci sai an haska su a bango.

Na san za a ce ina maganar ɗan makunni alhali mutane na fama da abin da za su ci. Ban raina wannan magana ba. Motocinmu ba da son ranmu suka tsufa ba. Akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati ke sayen sabuwar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. A Kano ma an yi kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat, a Bauchi ana yin Steyr, a Legas ana yin Volkswagen. Lokacin ne Bompai ke cike da hayaniyar injuna, Sharaɗa da Challawa suna tasowa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta zube, kamfanoni suka yi ta rufewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, muka koma ga motocin gwanjo, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta ƙara faɗuwa. Yau mai Golf ko Vectra ko Carina da ta haura shekara 25 ba ya tunanin sauya ta, fatansa ta kai shi gobe. Amma wannan hujja ce ta a yi gyara mai kyau. Tunda motar nan za a ci gaba da hawa shekaru masu zuwa, dabarar da za ta narkar da wayoyinta ita ce mafi tsada. Kuɗin rile biyu bai kai na ƙwai masu wat 100 da ake ta sauyawa ba, balle na asibiti ko na diyya.

Hujja ta biyu da direbobi ke kawowa ta fi ƙarfi, kuma dole a saurare ta. Za su ce maka, "Malam, titin nan ba fitilar kan hanya, ga ramuka, ga motoci a mace ba alama, ga ɓata-gari. In na yi dim me zan gani?" Gaskiya ne hasken dim bai wuce 'yan mitoci hamsin zuwa sittin ba, ful kuwa ya ninka haka. Babu wanda ya ce kada a yi amfani da ful. An yi shi ne don hanya mai duhu da ba kowa. Abin da ake nema shi ne a sauke shi na 'yan daƙiƙoƙin da za a yi kiciɓis, da lokacin da ake bin bayan wata mota, a kuma rage gudu daidai da abin da ido ke gani. Mai ganin ful kariya ce gare shi ya tuna cewa direban da ya makantar yana tahowa ne ta wajensa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamu biyu ba. A lokacin hazo ma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ful kan dawo da haske cikin idon mai shi, ya tsaya kamar farin labule, dim ne ke ratsa ƙasa ya nuna kwalta.

Sabon abin da ya shigo ya ƙara dagula lamarin shi ne fararen ƙwai na LED da dogayen fitilun da ake ɗaurawa a kan bamba ko rufin mota. Kwanon fitilar tsohuwar mota an ƙera shi ne daidai da inda zaren H4 yake zaune. In aka cusa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, layin yankewar nan yakan ɓace, haske ya watsu ko'ina. Doguwar fitilar kuwa ba ta da dim sam, don daji aka yi ta. Yanzu har babura da A Daidaita Sahu sun ɗauka. Abin ya koma ramuwar gayya: ka ba ni ful in ba ka wanda ya fi shi. Motoci biyu su tunkari juna kowa ya kashe wa ɗan uwansa ido, mai keken da ke tsakaninsu ba wanda ya gan shi. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta ibada ce, bai dace a ce mun kasa gane wannan ba. Mutumin da ba zai taɓa haska tocila a fuskar baƙo a ƙofar gidansa ba, shi ne zai haska wa ɗaruruwan mutane fitila a dare ɗaya bai ji komai ba.

Hukuma tana da nata rabon. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nan tun 1988, KAROTA ta jihar Kano tun 2012, ga jami'an duba lafiyar motoci. Amma yawancin aikin tsare hanya da rana ake yinsa, lokacin da fitila ke kashe. Duba dim da ful bai kai minti ɗaya ba: kunna, sauke, ɗaga. Ina roƙon a mai da shi sharaɗi na zahiri kafin a ba da takardar shaidar lafiyar mota, a kafa bangon awo a inda ake sabunta takardu. Kuma in an kama mai laifi, na fi son a ba shi wa'adin kwanaki ya gyara ya dawo ya nuna, kafin a kai ga tara. Tara kaɗai takan zama ciniki a bakin titi, a biya a wuce, fitilar tana nan yadda take. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshi ma suna iya yin wannan da kansu, tunda su ke ba da layi: motar da za ta yi lodin dare ta nuna dim ɗinta kafin a kira mata fasinja.

Masu kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai, da masu kula da tashar Zawaciki, suna da wata dama da gwamnati ma ba ta da ita. Kowace babbar mota sai ta tsaya a get ɗinsu, a duba takardar kaya, a rubuta lamba. Me zai hana maigadi ya ƙara cewa, "Direba, ba mu dim mu gani"? Fitilar tirela tana sama, daidai fuskar mai ƙaramar mota, don haka cutarwarta ta fi ta kowa. Kuma mutanen da ke gefen titin nan da dare ma'aikatansu ne, su suka tashe su a wannan lokaci. Kamfanin da ke saya wa ma'aikaci takalmi da safar hannu don ya kare shi a cikin masana'anta, bai kamata ya sake masa motar da ba ta da dim a bayansa ba da zarar ya fita get.

Sauran magana tana wurin iyayen gida na garejoji da ƙungiyarsu ta masu gyaran motoci. Yaron da aka ce da shi yau ya haɗa dairek, shi ne maigidan gareji nan da shekara goma, kuma abin da hannunsa ya saba shi zai koyar. A koya masa karanta mita tun yana sabon shiga, a nuna masa ƙafafu huɗu na rile da aikin kowace, a sa shi ya ja layin awo a bangon gareji da fenti ya zauna nan dindindin. Mai mota kuma in ya kai gyara, kada ya karɓi makulli sai ya tsaya gaban motar da kansa an kunna masa dim ya ga ya sauka, an kunna ful ya ga ya tashi, shuɗin hasken dashbod ya ci a ful ya mutu a dim, ya kuma tambaya a nuna masa inda fiyus yake.